Ɗakin Asabar

A gidanmu na Bilbis, cikin Tawa,
akwai ɗaki guda da ba ya amsa sunan kowa.
Ɗakin Asabar, haka muka taso muka ji.
Yau albasar yayana ce a ciki,
buhu bisa buhu, tana jiran kamiyon Abijan.

In za ka shiga, duba damanka, daidai kafaɗa.
Akwai ɗan rami a karkace, tsawon yatsa.
Sau uku magina suna liƙe shi,
sau uku damina tana tono shi.

Kakana Arzika ya ce laya ce ta zauna nan,
layar Mahluf Bayahude, mai alharini da turare,
wanda ya gangaro daga arewa da matarsa Mas'uda
ya karɓi hayar ɗakin, ba don kwana ba.
Ni ban rantse ba. Ji na yi,
daga bakin tsohon da haƙora huɗu suka rage masa.

Ya ce sallarsu ba ta cika sai da maza goma.
Su kuwa shida ne.
Ranar da suka fi yawa, bakwai,
da wani mai gyaran agogo da mota ta mutu masa a hanya.
Kowace Juma'a Mahluf na tsaye a tasha
yana karanta fuskokin masu sauka,
ya dawo da rana a ka, ba kowa a bayansa.
Sai su shiga su shidan,
su fuskanci gabas, hagu kaɗan da alƙiblarmu,
suna rausaya kamar gero in iska ta biyo gona.

Kakana yana ɗan shekara tara lokacin.
Asabar ba sa taɓa wuta, ba sa kuma cewa a hura.
Mas'uda sai ta leƙo ta katanga ta ce,
"Arzika, yau da sanyi."
Ko a tsakiyar bazara, yau da sanyi.
Ya je ya hura, ya dawo da dabino uku a aljihu.

Sarkin fawa ya yi wata biyu ba ya gaishe su
don sun ƙi namansa.
Ran da ya ga Mahluf na bin kaifin wuƙa da farce,
a hankali, sama da ƙasa, yana neman giɓi,
ya ce, "Wannan ya san jini," ya miƙa masa hannu.

Yaya suka tafi?
Kamar yadda tabki ke tafiya.
Ba wanda zai ce maka ga ranar.
Biyar, uku, sannan Mahluf kaɗai da matarsa.
Littafinsu naɗaɗɗe ne, yana da riga tasa.
Yaron mota ya ce a hau da shi bisa kaya,
Mahluf ya biya masa kuɗin mutum guda,
ya kuma rungume shi a cinya.

Sun bar mabuɗi.
Sun bar Zohara, ƴar shekara biyu, da ƙyanda ta ɗauka,
can bayan gari, gindin wata aduwa.
Kakata in ta je itace takan ɗora tsakuwa a wurin,
don haka ta ga uwar tana yi.
An sare aduwar. Yanzu ana wankin babur a wajen.

Na tambayi masu ajiyar takardu.
Wani ya lashi yatsa, ya buɗe, ya rufe,
ya ce ba su a ciki.

To, mu Adarawa mun san wannan.
Maza nawa namu ke wani ɗakin haya a bakin teku
suna ƙirga junansu kafin a tada salla?

Jiya na ga yayana ya sunkuya zai shiga da buhu a ka,
hannunsa ya kai ga ramin, ya shafa, ya wuce.
Na ce, me ya sa?
Ya ce, me na yi?